Cajin abin hawa mai lantarki a gida: ba kowane soket ba

Abin hawa mai lantarki, mota ko babur, yana samun wuta ta hanyoyi irin su soket na gida, akwatin caji da ake kafawa a bango, ko tashar musayar batir irin wadda kamfanin Spiro ya fara a Benin a 2022. A garin Malanville na Benin, mai nisan sama da kilomita 700 daga Kwatano, abin dogaro na farko shi ne wutar kamfanin SBEE mai ƙarfin bolt 220 da ke shiga gidaje.

A nan ne wata magana mai haɗari ta samu gindin zama, wai wuta wuta ce, duk soket ɗin da ya yi wa wayar hannu caji zai yi wa babur ko mota. Wannan ganganci ne. Cajar waya ba ta cika wuce wat 20 ba. Cajar babur tana jan ɗaruruwan wat. Mota kuwa tana jan wat 2,200 a soket mai amfiya 10, kuma batir mai kilowat-awa 40 zai kai awa 18 kafin ya cika. Dutsen guga ma yana jan wuta da yawa, amma yana yi yana hutawa. Caji ba ya hutawa. Siririyar wayar jone ta kasuwa, wadda aka ratso da ita ta ƙarƙashin tabarma, sai ta ɗumama a hankali, bakin soket ya yi baƙi, roba ta fara ƙauri, alhali mutanen gida suna barci. Araha ba ta ado, kuma gobara ba ta tsayawa a gidan wanda ya jawo ta.

Mai son caji a gida ya fara duba amfiya nawa mitarsa take ɗauka, domin mitar da aka sa don fitilu da fanka ba za ta ɗauki mota ba. Sannan ƙwararren mai gyaran wuta ya ja layi na musamman daga allon wutar gida zuwa wurin caji, ba tare da wani kaya a kansa ba. Soket mai amfiya 16 yana buƙatar wayar tagulla mai kaurin milimita 2.5 murabba'i. Akwatin bango mai kilowat 7, wanda ke cika wancan batir cikin kusan awa 6, yana jan amfiya 32, don haka wayarsa kada ta gaza milimita 6 murabba'i. Dole a sa wayar ƙasa, da na'urar katse wuta mai miliamfiya 30 wadda ke hana wuta kama mutum, da kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke.

Caja ma ba a aronta. Ta batirin bolt 60 dabam, ta 72 dabam, kuma ta litiyam ba ta zama ta batirin dalma.

Sai zafi. A Maris da Afrilu zafin Malanville yana haura digiri 40, yawancin batiran litiyam kuwa ba a yi musu caji sama da 45. Babur ɗin da ya dawo daga kasuwa ko bakin kogi a bar shi ya huce a inuwa tukuna. A yi caji a rumfa mai iska, kan siminti, nesa da jarkar fetur da ɗakin kwana, kuma kada ya tare ƙofar fita. Batirin da ya kumbura ko yake wari a daina amfani da shi nan take.

Ƙaramin janareto ba ya ɗaukar mota. Sola tana yi wa babur, in an auna faranti da inbata daidai da cajar.