Gambarar zamani a Diffa: kunne ɗaya a Yamai, ɗaya a Najeriya

Duk wanda ya zauna a fadar samari a garin Diffa da yamma, ana jiran shayi ya tafasa, da wuya ya tashi bai ji wata waya tana fitar da gambarar zamani ba, wato waƙar da aka fi sani da rap ko hip hop. In ya kasa kunne da kyau zai lura cewa waƙoƙin daga hanyoyi biyu suke shigowa. Wasu sun biyo babbar hanya mai lamba 1 daga Yamai, tafiyar sama da kilomita 1,300. Wasu kuma sun tsallako kogin Komadugu daga Najeriya, kuma su ne suka fi saurin isowa. Tsakanin waɗannan biyun matashin Diffa mai sha'awar waƙa yake neman inda zai sa ƙafarsa, a jahar da ta shafe shekaru cikin dokar ta-ɓaci.

Yadda abin ya faro a Yamai

Rap ya shigo Nijar ne cikin shekarun 1990, bayan taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jama'a, aka fara kafa gidajen rediyo masu zaman kansu. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, rayuwa ta yi tsada, aikin gwamnati ya yi wuyar samu, ɗalibai suka yi ta gama karatu suna komawa zaman fada. A nan ne suka riƙa sauraren kasakasan Tupac na Amurka, da MC Solaar na Faransa, da Positive Black Soul na Senegal, har suka fara gwada nasu.

Ƙungiyar Lakal Kaney, wadda sunanta ke nufin kwanciyar hankali da Zabarmanci, tana cikin na farko da suka fitar da cikakken faifai, La Voix du Ténéré, a shekarar 2000. Sai Wass-Wong, wadda ta samo suna daga haɗuwar ƙungiyoyi biyu, Wassika da Wongari, ɗaya sunan Hausa ɗaya na Zabarmanci. Sai Kaidan Gaskiya, da Black Daps, da Kamikaz, da Djoro G. Abin da ya bambanta su da takwarorinsu na waje shi ne sun rage zagi da batsa, suka karkata ga cin hanci, da rashin aiki, da auren dole, da halin da makarantu ke ciki. Baiti ɗaya kan fara da Faransanci, ya bi ta Zabarmanci, ya ƙare da Hausa.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Zara Moussa, wadda ake kira ZM, ta fitar da faifanta mai suna Kirari a 2005, a lokacin da ganin mace da makirufo a kan dandamali abin magana ne a unguwa. Daga baya Safiath ta fito daga cikin Kaidan Gaskiya, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Faransanci. Sunan faifan ZM ya nuna wani abu da dattawa masu ƙyamar rap kan manta: kirari, da zambo, da habaici, da saurin baki a kan kiɗa, duk ƙasar Hausa ta san su tun kafin a haifi Tupac. Ba banza ba aka ara wa rap sunan ƴan gambara, waɗanda ke bin kasuwa suna wasa wani suna yi wa wani shaguɓe.

Sai dai kusan duk abin da ya raya wannan harka a Yamai yake: ɗakunan naɗar waƙa, gidajen talabijin, da cibiyar al'adun da a da ake kira CCFN Jean Rouch, inda aka riƙa shirya gasar Scène Ouverte Rap. Ɗan Diffa da ke son a ji shi, dandamali mafi kusa da shi a wancan lokaci shi ne cibiyar CCFN ta Damagaram, sama da kilomita 400 daga gida. Ita ma masu zanga-zangar nuna fushi kan zanen jaridar Charlie Hebdo sun cinna mata wuta ranar 16 ga Janairun 2015.

Abin da dokar ta-ɓaci ta ɗauke

Makonni uku bayan wannan gobara, ranar 6 ga Fabrairun 2015, Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar, aka sa dokar hana fitar dare, aka haramta hawan babur, aka dakatar da cinikin tattasai da na kifin tafkin Chadi bisa zargin cewa ƴan ta'adda na samun kuɗi ta nan. An rufe wasu kasuwanni, ciki har da ta Gagamari.

An yi ta bayani kan illar waɗannan matakai ga manoma da masunta, amma ba kasafai ake lissafa abin da suka yi wa waƙa ba. Rap sana'ar dare ce. Wasa sai bayan isha'i yake cika, kuma sai an taru. Mai zuwa kallo a kan babur yake zuwa, kuɗin shiga kuma daga kabu-kabu ko daga aikin gonar tattasai yake samo shi. Shi kansa mawaƙin, jikar da zai biya a naɗa masa waƙa daga can take fitowa. Da aka hana dare, aka hana babur, aka tsayar da tattasai, an taɓa duk ƙafafun da harkar ke tsaye a kansu lokaci guda. An sassauta wasu daga cikin matakan daga baya, amma saurayin da yake da shekara 15 a 2015 ya yi ƙuruciyarsa ne a garin da ake shiga gida da wuri.

Gagamari, da ke kan babbar hanya yamma da Diffa a ƙaramar hukumar Shetimari, ta ga wani sauyin na daban. Bayan harin da aka kai Damasak a ƙarshen Nuwamban 2014, dubban mutane suka tsallako kogi suka sauka a nan. A watan Yunin 2016, bayan wani harin a Bosso, kimanin mutum 50,000 suka tsere, da yawa suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Waɗanda suka zo daga Borno ba su zo da kaya masu yawa ba, amma samarinsu sun zo da wayoyi, kuma a cikin wayoyin akwai waƙoƙi.

Me ya sa waƙar Najeriya ta fi shiga

Dama can Diffa Maiduguri ta fi kusa da ita a kan Yamai, kuma naira na yawo a kasuwanninta tare da sefa. A daidai shekarun da aka rufe dare a Diffa, rap na Hausa yana tashe a arewacin Najeriya. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta ba shi fili a shirin Zafafa Goma da Nomiis Gee ya gabatar. Sunaye irin su ClassiQ da BOC Madaki daga Bauchi, da DJ AB daga Kaduna, da Deezell, da Morell ɗan asalin jihar Borno, suka zama sanannu a duk inda ake jin Hausa.

Waɗannan waƙoƙi ba sa buƙatar dandamali kafin su isa Gagamari. Mai shagon cajin waya zai zuba wa mutum ɗaruruwa a memori da kuɗi kaɗan, daga nan kuma su bi Bluetooth da Xender da WhatsApp daga hannu zuwa hannu. Akwai kuma batun harshe. Yaron da bai yi nisa a lakol ba, ko wanda ya yi karatunsa a Damasak da Ingilishi, baitin Faransanci na mawaƙin Yamai wuce shi yake yi, Zabarmanci kuwa ba harshen gabas ba ne. Hausar ClassiQ kuwa kai tsaye take shiga.

Kada a ɗauka su ma sun samu hanya a share. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Girgiza Kai ta Nazir Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, waƙar da ta soki yadda hukuma ke matsa wa masu fim da mawaƙa. Haramcin bai hana ta yawo a wayoyi ba.

Wayar da ke kawo waƙa ita ce kuma ta sauƙaƙa yin ta. Yanzu kwamfuta ɗaya mai manhajar FL Studio, da makirufo, da ɗaki da aka toshe da katifa sun isa a haɗa kiɗa a ɗora murya. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Waƙar da ta bi Xender ba ta kawo wa mai ita ko dala. Akwai hukumar BNDA mai kare haƙƙin masu fasaha a Nijar, amma ba ta da hanyar bin abin da ke wucewa daga waya zuwa waya a bakin kasuwa.

Shi ya sa, kamar yadda ya faru a Yamai tun zamanin yaƙi da cutar sida, ƙungiyoyin agaji suka zama manyan masu ɗaukar nauyin mawaƙa. Tun 2015 sun cika Diffa, kuma suna son saƙon zaman lafiya, da rigakafi, da tura ƴan mata makaranta. Saƙonni ne masu kyau, kuma sun ciyar da samari da dama. Amma mai biyan kuɗi shi ke zaɓar abin da za a faɗa. Waƙar da ke kira ga haɗin kai za ta samu mai ɗaukar nauyi. Wadda ke tambayar ina ɗan kabu-kabu zai nufa bayan an karɓe masa babur, ko yaushe mutanen bakin kogi za su koma gonakinsu, ba kowa ne zai sa mata hannu ba, alhali irin waɗannan tambayoyi ne suka ɗaga Lakal Kaney da Wass-Wong.

Sai batun Barbarci. Shi ne harshen gida na mafi yawan mutanen kwarin Komadugu, amma mai son waƙarsa ta kai Damagaram da Kano ya san da Hausa za ta fi tafiya. Da yawa kan zaɓi Hausa don a ji su, su bar harshen uwa ga gaisuwa ko amshi. Abin da mawaƙin Diffa ke da shi wanda na Kaduna ko na Yamai ba shi da shi kuwa a nan yake: ganga da algaitar fadar Manga, da waƙoƙin Fulani da Tubawa da Larabawan jahar, da biram, garayar masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwale-kwale. Biram ya kusa ɓacewa kafin Malam Mamane Barka ya je bakin tafki a farkon shekarun 2000 ya koye shi a hannun Boukar Tar, tsohon da ya rage yana kaɗa shi. Barka ya fitar da faifan biram a Turai a 2009, ya zagaya ƙasashe da shi, ya rasu a watan Nuwamban 2018. Sautin da ya naɗa yana nan a intanet, kuma duk mai haɗa kiɗa a Diffa ko Maine-Soroa ko Ngigmi da ke da waya zai iya saurarensa.