Tanadin Kayan Gyara: Darasi Ga Masu Injuna A Sabon Ibadan

IBADAN: A unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916, goro da shanu ne suka kafa arziki, amma a yau abincin gidaje da dama ya rataya ne a kan inji: keken ɗinki da na aikin wuyan riga, injin markaɗe da janareta. Sai dai galibi ba a tunawa da bakanike sai inji ya tsaya, sau da yawa ana dab da Sallah.

Akasarin kayan gyaran daga ƙasashen waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu yana bin Dala, kamar yadda 'yan canjin Sabo suka fi kowa sani. Tun da aka karya darajar Naira a 1986 masana'antu ke kokawa da wannan matsala. Da aka saki Naira a watan Yunin 2023 kuwa, Dala ta tashi daga kusan N460 har ta haura N1,400 a farkon 2024. Bugu da ƙari, gobarar da ta cinye shaguna a kasuwar kayan gyaran motoci ta Araromi da ke Agodi Gate a 2021 ta nuna hatsarin dogaro da kasuwa guda.

Mafita ita ce a kasa kayan gyara kashi uku. Na farko, masu araha da saurin cinyewa, irin su allura, bel da boris: a riƙa ajiye su. Na biyu, masu wuyar samu waɗanda rashinsu ke tsayar da aiki: a ajiye ƙwaya ɗaya. Na uku, masu tsada da ba su cika lalacewa ba: kada a binne jari a kansu, a san dillalinsu kawai.

Lissafin ba shi da wuya. Wanda ke cinye bel 2 a mako, odarsa kuma tana ɗaukar mako 3 kafin ta iso, ya sake oda da zarar sun rage 6, tare da ɗan rara saboda jinkiri.

Har ila yau, kamfanin Nippondenso na Japan ya yi suna a 1971 da tsarin ɗora wa mai aiki da inji alhakin share shi, zuba mai da lura da sauyin ƙara. Wannan ba ya buƙatar Dala. Littafi guda na rubuta ranar juyen mai da ranar canjin kowane ƙarfe ya isa ya nuna wa maigida abin da zai saya kafin azumi ya kama.