Kifin Tuna Na Gwangwani: Nauyin Da Aka Rubuta Da Wanda Ke Ciki

LEGAS: Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sarar kifin gwangwani katan-katan ya san cewa a kan lambar da ke jikin gwangwani ake yin ciniki, domin ba a buɗe kaya kafin a biya. To amma a game da kifin tuna, wanda ya samu gurbi a manyan kantunan Legas da Abuja kusa da sadin da jama'a suka saba da shi, lambobin nauyi iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu kuɗi ce.

Lamba ta farko ita ce nauyin duk abin da ke ciki, wato kifi haɗe da ruwan gishiri ko man da aka jiƙa shi. Ta biyu kuwa nauyin tsokar kifin ce bayan an tsiyaye ruwan. Dokar Tarayyar Turai ta 1992 ta ce tilas kifin ya kai kashi 70 cikin 100 idan cikin ruwan gishiri yake, kashi 65 kuma idan cikin mai ne. Ke nan gwangwani mai gram 160 zai iya ƙunsar kifi gram 112 kacal ba tare da an karya doka ba.

A nan ne lissafin sinadarin gina jiki, wato furotin, yake ruɗar mutane. Tsokar tuna da aka tsiyaye tana ɗauke da furotin kimanin gram 20 zuwa 25 a cikin kowane gram 100, abin da ya kusa ninka na ƙwai. Wanda ya yi lissafinsa a kan gram 160 zai zaci ya samu gram 40, alhali abin da ya shiga cikinsa bai wuce gram 28 ba. Ga magidanci, wannan ƙaramin gibi ne. Ga ɗan kwangilar da ke ciyar da makarantar kwana ko asibiti kuwa, kusan kashi ɗaya ne cikin uku na abin da ya yi alkawarin kawowa.

Wannan duk idan lambar gaskiya ce. A Amurka, inda ake matse kifin da na'ura kafin a auna shi, manyan kamfanoni uku, StarKist da Bumble Bee da Chicken of the Sea, sun amince a 2012 su biya Dala miliyan 3.3 don kashe wata ƙara da masu gabatar da ƙara na jihar Kalifoniya suka shigar kan tauye awo. A 2015 kuma StarKist ya sake amincewa da biyan Dala miliyan 12, takwas tsabar kuɗi, huɗu kuma takardun karɓar kifi, ga masu saye da suka ce gwangwanayensa masu gram 142 ba su cika ba. Kamfanin bai amsa laifi ba. Abin lura dai shi ne, wannan ya faru ne a ƙasar da ke da ma'aikatan awo da ɗakunan gwaji birjik.

Tailan ce ta fi kowace ƙasa fitar da tuna na gwangwani zuwa kasuwannin duniya, sai kuma ƙasashe irin su Ekwado, kuma nan kusa da mu akwai masana'antunsa a Tema ta ƙasar Gana da Abijan. Lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, tana nuna cewa an amince da kayan, amma ba ta auna wa dillali kowace kwantena da aka sauke masa a Apapa.

Saboda haka farashin da ya kamata a kwatanta tsakanin kamfani da kamfani shi ne na kowane gram na tsokar kifi, kuma a rubuta wannan nauyi cikin takardar yarjejeniya. Gwajin ba shi da tsada. Hanyar da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta tsara ita ce a juye gwangwanin a kan rariya, a ɗan karkata ta, a bar shi ya tsiyaye na minti 2, sa'an nan a ɗora a sikeli. Gwangwanaye kaɗan daga katan daban-daban sun isa a fara da su kafin a biya cikon kuɗi.