Tasirin Iskar Oksijin a Kan Samar da Sabulun Halitta Daga Bakteriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda yawa ko ƙarancin iskar oksijin ke shafar sinadaran da wasu bakteriya ke fitarwa masu aiki irin na sabulu. Ta dubi nau'o'i biyu da aka fi nazarta, wato Bacillus subtilis da Pseudomonas aeruginosa. Maƙalar ta nuna cewa ƙarin iska yana ƙara yawan ƙwayoyin, amma yana haifar da kumfar da ke ɓata aikin, kuma ƙarancinta yana sauya hanyar numfashin ƙwayar da irin sinadarin da take fitarwa. Saboda haka gwargwadon iskar da ta dace ya danganta da nau'in ƙwayar da sinadarin da ake nema da kuma wurin da za a yi aiki da shi.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa sai an sa sabulu a tsakani. Dalili kuwa shi ne kowane ƙwayar sinadarin sabulu tana da ɓangare biyu: kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai. Idan ta samu mahaɗar ruwa da mai, sai ta tsaya a nan, kanta a ruwa, wutsiyarta a mai, ta sassauta tsaurin da ke raba su. Haka sabulun salo ke aiki, haka ma garin wanki na kamfani, wanda akasarin sinadaransa daga man fetur ko man kwakwa ake samo su.

Akwai bakteriya da ke ƙera irin wannan sinadari da kansu. Masana kimiyya na kiran sa bayosafaktan, a wannan maƙala kuma za a kira shi sabulun halitta. Ya fi na kamfani saurin ruɓewa a ƙasa da ruwa, wasu nau'o'insa kuma suna jure zafi da gishiri. Abin da ya hana shi mamaye kasuwa shi ne tsadar samar da shi, kuma wani babban kaso na wannan tsada yana da alaƙa da iskar oksijin.

2.0 Ƙwayoyin da Sinadaransu

A shekarar 1949 Jarvis da Johnson suka bayyana wani sinadari da Pseudomonas aeruginosa ke fitarwa, wanda ya ƙunshi sukarin ramnos haɗe da kitse. Shi ake kira ramnolifid. A 1968 kuma Arima da abokan aikinsa a Japan suka gano safaktin daga Bacillus subtilis, wanda zobe ne na sinadaran amino guda 7 da wutsiyar kitse. Ƙarfinsa ya kai ya rage tsaurin fuskar ruwa daga miliniyuton 72 a kowace mita zuwa kimanin 27.

Bacillus subtilis ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ita ce kan gaba cikin ƙwayoyin da ke mayar da kalwa daddawa bayan an dafa ta, an lulluɓe da ganye, an bar ta 'yan kwanaki. Mai daddawa tana lulluɓewa ne domin riƙe ɗumi da laima, amma lulluɓin yana kuma taƙaita iskar da ke isa ga ƙwayoyin. Wannan auna iska da ake yi da hannu shi ne abin da injiniyoyi ke yi da na'ura a cikin tankin raino.

3.0 Ƙarancin Oksijin a Cikin Ruwa

Oksijin ya kai kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa, amma ba ya narkewa sosai a ruwa. Lita ɗaya ta ruwa a ma'aunin zafi 25 tana riƙe kimanin miligiram 8 kawai, kuma idan zafin ya kai 37, wanda a nan ake rainon ƙwayoyi da yawa, adadin yana sauka ƙasa da miligiram 7. A gefe guda, ƙona giram 180 na sukarin gulukos ƙurmus yana bukatar giram 192 na oksijin. Ke nan ruwan raino mai giram 20 na sukari a lita zai bukaci oksijin da ya ninka abin da ke narke a cikinsa fiye da sau 2,500, da a ce dukkan sukarin za a ƙone. Ko da yake wani kaso na sukarin yana tafiya ne ga gina jikin ƙwayoyin, giɓin yana nan da girma. Idan man girki aka ba ƙwayoyin a matsayin abinci, kamar yadda ake yi wa Pseudomonas, bukatar ta fi haka, domin mai ya fi sukari cin oksijin.

Saboda haka ba a iya zuba oksijin sau ɗaya kamar yadda ake zuba sukari. Dole a riƙa hura iska ta ƙasan tanki ana dama ruwan da farfela ba tsayawa. Abin da ake aunawa shi ne saurin da oksijin ke ƙetarawa daga ƙwallon iska zuwa cikin ruwa, kuma wannan sauri ya dogara da ƙanƙantar ƙwallayen iskar da ƙarfin damawar.

4.0 Lokacin da Iska ta Wadata

Da isasshen oksijin ƙwayar bakteriya tana samun kuzari mafi yawa daga abincinta. Ƙera safaktin aiki ne mai cin kuzari, domin kowane sinadarin amino sai an kashe masa kuzari kafin a ɗaura shi a zoben. Haka kuma duka nau'o'in biyu ba sa fara fitar da sabulun sosai sai sun yi cunkoso, saboda suna da hanyar jin yawan junansu ta wasu sinadaran saƙo da suke saki. Iska mai yawa tana kawo cunkoso da wuri, cunkoson kuma ya buɗe hanyar ƙira.

A nan ne matsalar ke ɓulla. Abin da ake samarwa sabulu ne, kuma hura iska a ruwan sabulu kumfa yake kawowa. Kumfar tana cika tanki, ta kwashe ƙwayoyi da sinadarin ta fita da su, ta jiƙa matatar iska, ta buɗe ƙofa ga baƙin ƙwayoyi. Shi kansa sinadarin yana lulluɓe fuskar ƙwallayen iska ya rage ƙetarawar oksijin. Maganin kashe kumfa da ake zubawa yana sa ƙananan ƙwallaye su haɗe su zama manya, wanda ke ƙara rage iskar da ke shiga ruwa, sannan ya wahalar da tace sinadarin daga baya.

A 1981 Cooper da abokan aikinsa a Kanada suka mayar da wannan matsala abin amfani. Suka bar kumfar ta riƙa fita zuwa wani mazubi, tun da safaktin ya fi taruwa a cikinta, kuma hakan ya ƙara yawan abin da suka samu. Daga baya an ƙera tankunan da ke shigar da oksijin ta cikin siraran bututu masu ƙananan kafofi ba tare da ƙwallon iska ba, sai dai ƙwayoyin da sinadarin suna manne wa bututun su toshe su.

5.0 Lokacin da Iska ta Yi Ƙaranci

An daɗe ana ɗaukar Bacillus subtilis a matsayin ƙwayar da ba ta rayuwa sai da oksijin. Bincike a shekarun 1990 ya tabbatar da cewa idan oksijin ya ƙare tana iya numfashi da naitiret, ta mayar da shi naitirait sannan amoniya. Pseudomonas aeruginosa ma tana numfashi da naitiret, sai dai ita tana kai shi har ga iskar naitirojin.

Wannan ya ba da damar raino ba tare da hura iska ba, wato ba tare da kumfa ba. A 1999 Davis da Lynch da Varley a Birtaniya suka nuna cewa safaktin da kowane giram na ƙwayoyi ke bayarwa ya fi yawa a yanayin da oksijin ya ƙare, ƙwayar ta koma kan naitiret. A 2001 Chayabutra da Wu da Ju a Amurka suka samar da ramnolifid ta hanyar numfashin naitiret, a 2015 kuma Willenbacher da abokan aikinsa a Jamus suka samar da safaktin babu kumfa ta wannan hanya.

A nan wajibi ne a bambanta ma'aunai biyu da ake yawan cakuɗawa: abin da kowane giram na ƙwayoyi ya bayar, da abin da tanki gaba ɗaya ya bayar. A rashin oksijin na farko yana iya hawa alhali na biyu ya faɗi, domin ƙwayoyin ba sa yawa kuma girmansu na tafiyar hawainiya. Naitirait da ke taruwa guba ne gare su. Ga Pseudomonas akwai ƙarin sarƙaƙiya: ta fi fitar da ramnolifid idan naitirojin ya yi mata ƙaranci, alhali naitiret ɗin da take numfashi da shi tushen naitirojin ne. Shi ya sa masu wancan bincike na 2001 suka koma ga taƙaita mata fosfaras.

Gwargwadon iska yana kuma sauya irin sinadarin. Wasu nau'o'in Bacillus suna ƙera safaktin tare da fenjisin, wanda ke kashe fumfuna masu cutar da shuka. An lura cewa iska mai yawa ta fi taimakon safaktin, matsakaiciya kuma ta fi taimakon fenjisin. Mai neman maganin gona da mai neman sinadarin wanki ba za su saita tankinsu iri ɗaya ba, ko da ƙwayarsu ɗaya ce.

6.0 Daga Tanki Zuwa Fili

Rijiyar man fetur wuri ne da babu oksijin, ga zafi ga gishiri. Bayan an gama haƙo abin da ke fitowa cikin sauƙi, mai da yawa yana maƙale a kafofin dutse, kuma sabulun halitta na iya sassauta shi. Ƙwayar da za ta ƙera shi a can ƙasa dole ta iya yin haka babu iska. A 1985 aka ba da rahoton wata Bacillus mai lamba JF-2, da aka samo daga ruwan wani filin mai a jihar Oklahoma, wadda ke fitar da sinadarinta a irin wannan yanayi.

Tsaftace ƙasar da mai ya malala a kanta yana bukatar akasin haka. Ƙwayoyin da suka fi saurin cinye ɗanyen mai suna fara aikin ne da cusa oksijin cikin ƙwayar man. Sabulun halitta yana farfasa man ya sauƙaƙa musu kai wa gare shi, amma idan ƙasar ta cika da ruwa babu iska, aikin yana ja baya ƙwarai. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna cewa mai ya nutsa mita da yawa ƙarƙashin ƙasa a wurare da dama, inda juya ƙasar sama domin ta sha iska ba ya isa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa oksijin yana shafar sabulun halitta ta fuska uku: yawan ƙwayoyin da ke ƙera shi, hanyar numfashin da suke bi, da kumfar da ke biyo bayan hura iska. Wadatar iska tana ba da sinadari mai yawa tare da wahalar kumfa, ƙarancinta kuma yana kawar da kumfa tare da rage saurin aiki. Saboda haka duk sakamakon bincike a wannan fanni ana karanta shi ne tare da sanin nau'in ƙwayar, da abincin da aka ba ta, da ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen ƙirga abin da aka samu.