3.4 Sadarwa Ta Kan Wayoyin Wutar Lantarki

Idan aka ce sadarwa ta kan wayoyin lantarki, ana nufin amfani da wayar da ke ɗauke da wuta domin aika saƙo daga wata tasha zuwa wata. A wannan sashe za a yi bayanin hanyoyi biyu da ake bi, da yadda suka shafi Tambuwal da Kebbe.

Wutar da ake sha a jihar Sakkwato daga nesa take fitowa. Babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 yana tasowa daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda ta fara aiki a 1968, zuwa Birnin Kebbi. Daga nan wani layi mai kilobolt 132 ya nufi Sakkwato, wani kuma ya nufi Yamai ta Jamhuriyar Nijar. Tilas ne waɗannan tashoshi su riƙa jin juna, su kuma riƙa jin cibiyar kula da wuta ta ƙasa da ke Oshogbo, domin idan waya ta tsinke aka yi jinkirin katse wuta, taransifoma tana iya ƙonewa.

3.4.1 Ɗora Saƙo A Kan Wuta

Wannan ita ce tsohuwar hanya, domin tun wajajen 1920 ake amfani da ita a Turai da Amurka. Wutar lantarki a Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Shi kuwa saƙo ana ɗora shi a kan wata igiya mai kaɗawa tsakanin sau 30,000 zuwa 500,000 a daƙiƙa. Saboda wannan bambanci, su biyun suna tafiya a waya ɗaya ba tare da sun gauraya ba, kamar yadda ɗan aike kan bi ayari amma ya san gidan da za shi. A bakin tasha akwai na'urar kafasita da ke bai wa saƙo hanya ta tare wuta. Akwai kuma wani naɗaɗɗen ƙarfe da ake kira tarko, wanda ke barin wuta ta wuce, ya hana saƙo ɓacewa cikin taransifoma. Sai dai wannan hanya ba ta ɗaukar saƙo da yawa, kuma tsawa da tartsatsin wuta suna dagula ta.

3.4.2 Zaren Gilashi

Hanya ta biyu ita ce ta zaren gilashi, wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba sosai. A nan haske ne ke ɗaukar saƙo. Ana cusa zaren a cikin wayar da ke can saman turken ƙarfe, wadda asalin aikinta shi ne kare layi daga tsawa. Da yake gilashi ba ya ɗaukar wuta, tartsatsi ba ya taɓa saƙon. Bugu da ƙari, zare ɗaya yana iya ɗaukar dubban kiraye-kiraye da intanet a lokaci guda.

3.4.3 Matsayin Tambuwal Da Kebbe

Duk waɗannan hanyoyi a kan manyan layuka na kamfanin TCN aka fi samunsu. Ƙananan layuka masu kilobolt 33 da 11, irin waɗanda ke kai wuta garuruwa da ƙauyuka, suna hannun kamfanin Kaduna Electric. Irin waɗannan suna da rassa da taransifomomi masu yawa da ke raunana saƙo. Saboda haka idan iskar damina ta kayar da falwaya a daji, galibi sai ma'aikata sun bi layi suna dubawa kafin su gano wurin, mai injin niƙa da mai walda kuwa suna zaman jira.

Daga bayanin da ya gabata za a fahimci cewa tsayuwar wuta a wannan yanki ba ta dogara ga yawan abin da Kainji ke samarwa kaɗai ba. Ta dogara kuma ga saurin da labarin lalacewa ke isa ga masu gyara.