Yawon buɗe ido a jirgin ruwa: tsakanin motar kamfani da jagoran gari, wa ke cin ribar baƙo?

Ranar 27 ga watan Maris na shekara ta 2024, wani katafaren jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido mai suna Norwegian Dawn ya yada zango a tsibirin Sawo Tome, can cikin tekun Atlantika daura da ƙasar Gabon. Fasinjoji suka sauka ganin gari, bayan an shaida musu cewa kowa ya dawo kafin ƙarfe 3 na rana. Mutum 8 daga cikinsu, Amurkawa 6 da ƴan Ostareliya 2, ba su shiga motocin da kamfanin jirgi ya tanada ba, sai suka bi wani ɗan jagora na gari. Suka makara fiye da awa guda. Jirgi ya tafi ya bar su, aka aje musu fasfo ɗinsu a hannun wakilin kamfani da ke tasha. Suka bi shi ta jirgin sama har Gambiya, a can ma jirgin bai samu tsayawa ba saboda yanayin teku, sai a Dakar suka cim masa a farkon watan Afrilu, bayan wahala da kashe kuɗi.

Mai karatu zai ce mu da ba mu da teku, ina ruwanmu? To, wannan batu na ciniki ne tsantsa, irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani: akwai mai kaya, akwai mai saye, akwai kuma dillali a tsakani.

Gari ne guda bisa ruwa

Waɗannan jirage ba irin na dakon kaya ba ne da ƴan kasuwarmu suka saba jira a tashar Kwatano ko ta Lome. Otel ne mai tafiya, da ɗakunan kwana da gidajen abinci da kantuna. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga birnin Mayami na Amurka a watan Janairu na 2024, tsawonsa ya kai mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7.600, ban da ma'aikata fiye da 2.000. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a ta ce mutum sama da miliyan 34 ne suka yi irin wannan tafiya a shekara ta 2024.

Jirgin kan yi tafiyarsa da dare, gari na wayewa ya tsaya a wata tasha, da yamma ya ɗaga. Ke nan baƙo awoyi ƙalilan gare shi a kowane gari, kuma a kan waɗannan awoyi ne ake kokawa.

Motar kamfani: tsada da kwanciyar rai

Hanya ta farko ita ce mutum ya sayi tikitin yawo daga kamfanin jirgi, tun yana gida ko bayan ya shiga. Yana sauka zai tarar da babbar mota da lamba a jiki, da ɗan jagora yana jira, a kwashi mutum 40 zuwa 50 a tafi. Abin da ya kamata a gane shi ne, galibi motar da ɗan jagoran ba na jirgi ba ne. Kamfanin jirgi kwangila yake ba wani kamfani na garin, ya ɗora la'adarsa mai tsoka a sama, sannan ya sayar wa fasinja. Shi ya sa yawo iri ɗaya kan fi tsada a cikin jirgi fiye da a bakin tasha.

To me mutum ke saye da wannan ƙari? Lamuni yake saye. Idan motar kamfani ta lalace a hanya ko cunkoso ya tare ta, jirgi zai jira, in kuma jiran ya gagara, kamfani ne zai ɗauki nauyin kai fasinja tasha ta gaba. Idan iska ta hana jirgi tsayawa a garin, ana mayar wa mutum kuɗinsa. Haka nan a tashoshin da babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai dai a yi jigila da ƙananan jirage, masu tikitin kamfani ake fara saukewa.

Illar ita ce tafiyar ayari: ana jiran mai nawa, ana gaggauta mai son tsayawa, kuma inda aka tsara nan za a tsaya, ko kana so ko ba ka so.

Da ɗan gari akan ci gari

Hanya ta biyu ita ce mutum ya nemi ɗan jagora da kansa ta intanet tun kafin tafiya, su yi ciniki, su tsaida lokaci. Mutum 6 ko 8 kan haɗa kuɗi su ɗauki ƙaramar mota guda, kowa ya biya ƙasa da abin da jirgi ke nema, ga shi kuma su ke da iko da tafiyarsu. Suna iya riga manyan motoci isa wurin tarihi, su ci abinci inda ƴan gari ke ci, su shiga kasuwa su taya kaya a tsanake. Tsoho ko mai ciwon ƙafa ma ya fi samun sauƙi, tun da ba a jan sa da gudu.

Sai dai a nan agogo na wuyan fasinja. Taya ta fashe, hanya ta toshe, ɗan jagora ya yi kuskuren lissafi, duk jirgi bai san da wannan ba. Kuɗin otel da na jirgin sama da biza ta shiga ƙasa ta gaba, duk daga aljihun wanda ya makara za su fito. Idan kuma jirgi ya fasa tsayawa a garin, kuɗin da aka ba ɗan jagora tun farko na iya salwanta, in ba a yi yarjejeniya a kai ba.

Nisa ne ma'auni

Waɗanda suka daɗe a wannan harka da nisan hanya suke yanke shawara. Sau da yawa sunan babban birni ake rubutawa a takardar tafiya, alhali jirgi can nesa yake tsayawa. Mai son ganin birnin Rum na Italiya, a tashar Cibitabekiya zai sauka, kimanin kilomita 80 daga birnin. Daga Iskandariya zuwa dalar Giza a Masar ya haura kilomita 200, wato wajen awa 3 zuwa, awa 3 dawowa. Daga Akaba zuwa tsohon birnin Petra a Jodan, awa 2 ce a mota. A irin waɗannan wurare, tsadar motar kamfani tana da dalili.

Amma daga tashar Kushadasi ta Turkiyya zuwa kangon birnin Afisa bai wuce kilomita 20 ba, daga Piriyus zuwa tsakiyar Atina ta Girka kuwa wajen kilomita 10 ne. A nan ɗan jagoran gari ya fi riba, kuma hatsarin makara kaɗan ne.

Wanda ya zaɓi jagoran gari, ga abin da ya kamata ya kiyaye. Ya tabbatar ɗan jagoran na da takardar izinin aiki, domin ƙasashe irin su Turkiyya da Girka da Masar sun wajabta ta. Ya tsara dawowa tasha aƙalla awa guda da rabi kafin lokacin rufe ƙofa, wanda galibi minti 30 ne kafin tashi. Ya daidaita agogonsa da na jirgi, don wani lokaci yakan saɓa da na gari. Ya riƙe lambar wayar wakilin jirgi na tashar, da maganinsa na kullum a jaka. Kuɗi kuwa, in da hali, a biya bayan an gama yawo.

Ina rabon mai rumfa?

Nan ne zancen ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye. Wanda ya riƙe hanyar baƙo, shi ya riƙe aljihunsa. A tsibiran Karibiyan da jihar Alaska ta Amurka, ana raba wa fasinjoji taswirar kantunan da aka ce an amince da su, alhali kantunan biya suke yi a sa sunansu. A shekara ta 2013 hukumomin Alaska sun sa kamfanonin da ke wannan talla su riƙa gaya wa fasinjoji cewa talla ce ta kuɗi. A Kushadasi kuma, yawo da dama a shagon darduma yake ƙarewa, inda mai kawo baƙi ke da kasonsa, kuma wannan ya shafi motar kamfani da jagoran gari baki ɗaya. Mai rumfar da ba ta cikin tsarin sai dai ta ga wucewar mota.

Ga shi kuma baƙon ya riga ya biya kuɗin abinci da kwana a jirgi, abin da zai bari a gari kaɗan ne, cunkoson da yake kawowa kuwa mai yawa. Wannan na cikin abin da ya sa wasu wurare suka ɗauki mataki. Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Benis tun watan Agusta na 2021. Girka kuma a shekara ta 2025 ta sa harajin Yuro 20, wato kimanin jika 13 na sefa, a kan kowane fasinja da ya sauka tsibirin Santorini ko Mikonos a lokacin cikar baƙi.

Wasu daga cikin jiragen nan kan tsaya a Dakar da Lome da Kwatano, a kwashi baƙi zuwa tsibirin Gore ko Wida ko ƙauyen Ganbiye da ke bisa ruwa. Ƴan uwanmu masu sayar da kayan fata da na azurfa a waɗannan birane, da su ake wannan lissafi. Baƙon jirgi ba ya da lokacin dogon ciniki, don haka mai kaya ya san ranar zuwan jirgi, ya ƙulla da ƴan jagora da direbobi, ya aje kaya marasa nauyi masu shiga jaka, ya kuma faɗi farashin gaskiya tun farko. Fasinja kuwa, ya auna nisan hanya da nauyin aljihunsa kafin ya zaɓa. Allah ya ba kowa kasuwa mai albarka, amin.