Me ya sa haɗiya ke gagarar mai shanyewar ɓarin jiki?

Matsalar haɗiya ita ce abinci ko ruwa ya kasa wucewa lafiya daga baki zuwa ciki. Yawanci ana ɗora laifin a kan maƙogwaro, alhali sau da yawa ƙwaƙwalwa ce ta taɓu. Tushen ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, shi ke tsara aikin: ya tsayar da numfashi, ya rufe hanyar iska, sannan loma ta wuce. Saman ƙwaƙwalwa kuwa shi ke ba da umarnin farawa.

Wajen rabin waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki kan yi fama da matsalar haɗiya a kwanakin farko, amma akasarinsu kan warware cikin makonni. Binciken Shaheen Hamdy a Manchesta ta Ingila, tun daga 1996, ya nuna ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, na dama da na hagu, duk suna da hannu a haɗiya, kuma lafiyayyen kan karɓi aikin wanda ya lalace. Wani zai ce, to a jira mana. Haɗarin ai yana cikin jiran ne: kunun da aka ɗura wa majinyaci don tausayi kan zarce huhu, wani lokaci ko tari babu, ya haddasa ciwon huhu. Shi ya sa ake gwada haɗiyarsa a asibiti kafin a ba shi ko da kurɓin ruwa.